Kitse a Kyandirin Kawu Lagwani

Duk layin nan babu wanda ya kai Kawu Lagwani iya yatsine fuska. Sauran mutane sai an ɓata musu rai suke yi, shi kuwa da abarsa yake tashi daga barci, kamar wanda aka kwana ana kaɗa masa tsohuwar safa a hanci. Sunan ma ba na yanka ba ne. Ya samo shi ne saboda wani ɗan almakashi da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ko dubiya ya shiga gidan mutum, in ya hango kyandir a kan tebur da lagwani zaƙo-zaƙo, sai ya katse sannun a tsakiya, ya je ya datse lagwanin, sannan ya dawo ya tambayi mai jiki.

Sana'arsa kyandir ne na kakin zuma, da hannu yake yi, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidansa. Tukwane biyu ne a ciki, ƙarama a cikin babba, sai guntayen bututun da yake zubi a ciki a jere jikin bango, da zaren audugar da yake tufkawa da kansa. Masu kiwon zuma ke kawo masa saƙa bayan sun matse abinsu, baƙa wuluk, cike da matattun ƙudan zuma, ƙafafu a nan, fukafukai a can, ga 'yan tsutsotsi farare da ba su san an yi tashi ba. Ya dafa da ruwa, ya tace a tsumma, ya bari ya daskare, ya kankare dattin ƙasan, ya sake dafawa, har sai kakin ya fito garau kamar gwaiduwar ƙwai. Duk yana yi yana tsaki. Yakan ce da masu lasar zuma za su ga abin da yake kwasowa daga tsumman tacewa, da tuni sun koma wa sukari sun ba shi haƙuri.

Kyandirin kuwa babu ƙarya a cikinsa. Ya fi na kasuwa daɗewa yana ci, ba ya baƙanta rufin ɗaki, harshen wutarsa a tsaye yake, kuma ɗakin da aka kunna shi sai ya ɗauki wani ɗan ƙamshin zuma mai sanyi. Wani ya taɓa tambayarsa ko yana maganin mura. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Kyandir ne, ba asibiti ba."

Matsalar ita ce ba a sayen kyandirin Kawu a tafi. Sai an tsaya an sha abin da mutanen layin ke kira huɗuba.

"Ka datse lagwani kafin ka kunna, kada ya wuce tsawon farcen ɗan yatsa. Farcen mutum nake nufi, ba irin wannan naka ba. Kada ka ajiye shi gaban fanka ko bakin taga, iska ce ke sa shi cin gefe guda yana zubar da kaki. Kunnawar farko ka bar shi ya narke har baki-baki, in ba haka ba rami zai yi a tsakiya ya nutsar da kansa. In za ka kashe, kada ka hura masa wannan bakin naka. Ka sa 'yar waya ka dulmiya lagwanin a narkakken kakin, ka ɗago shi ya miƙe. In ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, ba ruɓewa ya yi ba, halin kakin ƙwarai ne, tsumma za ka sa ka goge. Ka naɗe shi a ƙyalle mai tsabta ka sa a kabad, nesa da rana, nesa da kananzir da kifi, don kaki ya fi matan layin nan saurin ɗaukar abin da bai shafe shi ba."

Mai saye ya ce to, ya ce to, ya fita ya manta tun kafin ya kai bakin titi.

A cikin gidan ma bai bar kowa ba. Matarsa ta tsufa tare da shi, amma iyakarta da ɗakin aikin bakin ƙofa, in ta kawo abinci. Wai hannunta ba ya rabuwa da albasa. Ƙanenta kuwa, wanda mahauci ne a kasuwa, ko inuwarsa Kawu ba ya so ta faɗa kan tagar ɗakin.

Mutum ɗaya ce a duniya Kawu ke sakar wa fuska: Goggo Mai Keke, tsohuwar tela da ke ƙarshen layi. Ƙirjinta ba ya son hayaƙi. Ko fitilar kananzir aka kunna a maƙwabta sai ta kwana tana tari. Ita ce ta fara sayen kyandirinsa, lokacin da kowa ke masa dariya ana cewa ya haukace, kuma ita kaɗai ce ta haddace huɗubar take aiki da ita. Lagwaninta kullum a datse, kyandirinta kullum a naɗe. In aka ɗauke wuta da shi take ƙarasa ɗinki. A zuciyar Kawu, Goggo yake wa kyandir, sauran jama'a ragowarta suke saya. Da kowa zai daina saye ta rage ita kaɗai, da bai ji ko a jikinsa ba. Amma ranar da Goggo ta ce kayansa ba su yi ba, ya san ranar ce zai kife tukwanensa.

To, sai farar yana ta rufe wa Kawu ido ɗaya. 'Yarsa da ke aure a wani gari ta zo ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti, aka yi aiki, ta kuma riƙe shi a gidanta har ya warware. Yana can sai taransfomar unguwarsu ta ƙone. Layin ya shiga duhu mako da makonni, duk wanda ya taɓa zagin tsadar kyandirin Kawu ya zo yana buga ƙofa.

Ranar da ya dawo, da baƙin tabarau a fuska da jaka a hannu, hancinsa ne ya riga shi shiga gida. Wani ƙarni ne ya tare shi tun daga ƙofa, irin na bayan mahauta in rana ta take. Ya bi shi har ɗakin aiki. A da ƙudan zuma ne ke zuwa tagar nan suna shawagi. Yau korayen ƙudaje ne, manya-manya masu sheƙi, sun yi dandazo suna ta hidima. Ya tura ƙofa. Tukunyarsa ta yi maiƙo har baki. Tsumman tacewarsa ya sandare. A kan katako ga wasu abubuwa a jere masu siffar kyandir, suna gumi, kiyashi na hawa da sauka, biyu daga ciki da shatin haƙoran ɓera.

"Ke!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Me ya mutu a ɗakin nan?"

Ta fito tana goge hannu da zani. "Haba Malam, ko sannu da zuwa ba za ka bari a yi maka ba? Babu abin da ya mutu. Aiki muka yi maka."

"Ku wa?"

Sai ga Mahauci ya shigo, da alama labarin dawowar ya kai kasuwa, rigarsa duk jirwayen jini, bakinsa har kunne.

"Yaya! Ido ya buɗe? To buɗe shi da kyau ka ga aiki. Wallahi da ba don ni ba da an yi abin kunya. Na kan katako ya ƙare, mutane sun cika ƙofa, kakin da ka bari bai fi sabulun wanka ba, matarka na nema ta yi kuka. Na ce mata kwantar da hankalinki, abin da ke narkewa a wuta ya daskare a inuwa ai ni ma aikina ne. Na kawo kitsen ƙoda, zaɓaɓɓe."



"Sai da ya ƙare ne muka ɗan haɗa da na hanji," in ji Mahauci. "Kaɗan dai."

"Da muka ga ya yi fari da yawa, ni na kawo shawarar kurkum," in ji matar, cike da alfahari. "Duba launin. Kai kanka ba za ka bambance ba."

"Ni? Ni ba zan bambance ba? Gawar da ta kwana uku ma za ta bambance! Kun mayar mini da ɗaki kwata. Wa da wa kuka sayar wa wannan musiba?"

"Kowa da kowa," in ji Mahauci. "Ko ɗaya ba a dawo da shi ba."

Sai Kawu ya yi tambayar da yake tsoro. "Goggo fa?"

"Ai ita muka fara kai wa," in ji matar. "Na san yadda kake ji da ita, har na zaɓa mata manya-manyan."

Ko ruwa bai sha ba. Ya ɗauki buhu ya fita bin gidaje, zai karɓo abin kunyarsa ɗaya bayan ɗaya. Gidan Goggo ne ya kamata ya fara zuwa, ya sani sarai, amma ƙafarsa ta ƙi, sai ya fara da shagon mai aski. Tun a hanya ya shirya kunnensa, ya san zagi zai sha.

"Kawu, sannu da dawowa!" in ji mai aski. "A karɓi me? Ni ban ga laifinsa ba. Wannan ma kamar ya fi haske. Sai dai masu zuwa aski suna ta tambayata ko na fara gashin nama a bayan shago."

Kawu ya duba. An cusa kyandirin a bakin kwalbar lemo, an ajiye a daidai ƙofa inda iska ke kaɗawa, ya zuba gefe guda, gashin mutane ya manne masa ya zama kamar ƙafar akuya. Da yatsu biyu ya ɗauka ya jefa a buhu.

A gareji abin ya fi muni. Bakanike ya ce nasa ko kunna shi bai yi ba, ya gano ya fi amfani wajen shafa wa ƙusoshin da suka yi tsatsa. "Daga yau irin wannan za ka riƙa yi mini, Kawu. Na da ɗin nan tauri ne da shi."

Maƙwabciyar Kawu kuwa cewa ta yi kyanwa ta cinye nata, har da lagwanin. Amma tunda ya zo, tana da ƙorafi a kan tsohon da ta saya wajensa bara. Ya yi mata fari-fari, ta ga alamar ya ruɓe, ta wanke shi tas da sabulu ta shanya a kan katanga. Ta ɗauko masa. Kakin ƙwarai, aikin hannunsa, rana ta tanƙwara shi ya koma kamar ayaba.

Kawu ya fito titi ya tofar da yawu. Shekara da shekaru yana cusa hannu cikin tsutsa da matattun ƙudaje, yana tacewa, maƙogwaronsa na bushewa da huɗuba, ashe da kitsen hanji ya riƙa ba su da sun yi masa godiya. Ya kalli layin daga wannan kai zuwa wancan, bai ga gidan da ya cancanci ko tsinken ashana ba. Saura gida ɗaya, kuma babu sauran inda zai laɓe.

Ya tarar da Goggo zaune gaban kekenta, ta rame, idanunta sun faɗa. Ya gaishe ta har ƙasa. Ta amsa da hanci. Ba ta ce ya zauna ba. Ta miƙa hannu ta jawo wani yadi ta shimfiɗa masa a kan keken. Yadi mai tsada, na mutane, tsakiyarsa duk tabon maiƙo, gefensa ɓera ya yi masa ado.

"Dokarka na bi," ta ce, muryarta a dishe. "Ka ce a naɗe a ƙyalle a sa a kabad. Na naɗe na sa, tare da ɗinkin mutane, kamar yadda na saba. Shekara nawa ɓera bai taɓa leƙa kabad ɗin nan ba. Yanzu har da danginsa na ƙauye ya gayyato."

"Goggo, wallahi ina asibiti, ba ni ba ne..."

"Na kunna guda ɗaya, na rufe taga don kada iska ta taɓa shi, ita ma dokarka ce. Sai ɗaukata aka yi zuwa asibiti. Kwana na yi ana mini ƙarin iska."

"Ƙanen matata ne, wannan mahaucin..."

"Gidan mahauci na aika sayen kyandir? Gidanka na aika. Kuma kada ka kawo mini sunan baiwar Allahn nan. Ta yi furfura a gidanka ba ta san me ake zubawa a tukunya ba. Wa ya hana ta sani?"



Goggo ta nuna kan kabad da haɓa. Wata farar fitila mai caji ce zaune a can, sabuwa fil. "'Yata ta kawo mini. Ba ta wari, ba ta kiran ɓera, ba ta huɗuba. Kwashe buhunka, yana cika mini ɗaki da ƙuda."

Nan Kawu ya ji ƙasa na neman tsagewa da shi. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ya sayi kayansa ba, sai ga shi tsugune gaban keken ɗinki yana cewa a yi masa rai. Ya ce ta zage shi, ta tara masa jama'a, duk ya yarda, amma kada ta ce ta bar kyandirinsa. Can Goggo ta tashi, ta shiga ɗan ɗakin da take tara tarkace, ta fito riƙe da wani abu a cikin leda, nesa da jikinta. Guda ɗaya ya rage, mafi girma a cikinsu.

"Shiga ciki ka kunna. Ka rufe ƙofa. Abin da na shaƙa kai ma ka shaƙa. In ya ƙare kana nan, sai mu yi magana."

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, tsofaffin katifu ne a ciki da karyayyar kujera. Kawu ya kafa kyandirin a kan faranti. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya zaro almakashi ya datse lagwanin daidai misali. Sai da ya ƙyasta ashana ya tuna cewa lagwanin da aka datse shi ke sa kyandir daɗewa. Ya zagi kansa.

Wutar ta kama da tartsatsi kamar an jefa nama a mai. Hayaƙi ya taso, baƙi, mai nauyi, da ƙauri da hamami a haɗe, ya shafe masa harshe da maiƙo. Kitsen na narkewa yana gangarowa faranti, kurkum ɗin na taruwa a ƙasa kamar abin da jariri ya yi. Ƙudaje suka gano hanyar ƙarƙashin ƙofa. Ya toshe idon da aka yi wa aiki da hankici, ɗayan yana ta zubar da ruwa. Zuciyarsa ta tashi, ya danne, ta sake tasowa. Can sama akwai wata 'yar taga. Ya kalle ta, ya kalli kyandirin. In ya kai shi can, iska za ta cinye shi da wuri.

"Kada ka kai shi bakin taga," in ji Goggo daga waje, kekenta na ta ƙara. "An ce iska na ɓata shi."

Ya koma ya zauna. Da hantsi ya shiga, har rana ta karkata yana ciki. Abu ɗaya ya gode wa Allah a kai, shi ne kitse bai da juriya. Da na kakin ƙwarai ne mai wannan girman, da sai an kawo masa bargo da abin karin kumallo.

Da lagwanin ya faɗi cikin ruwan kitse ya mutu, Kawu ya fito yana tangaɗi, rigarsa da gemunsa da ƙasan farcensa duk sun jiƙa da ƙarni. Goggo ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Matsa can, kana wari. Ka kawo mini kaɗan in ka yi sababbi. Zan gani."

Bai kai kwanar layi ba ya durƙusa bakin kwata ya amayar da abin da ya ci a gidan 'yarsa.

Tukwanen nan bai ko gwada wanke su ba. Ya haɗa da bututun da tsummokin ya aika wa Mahauci kyauta, ya ce ya je can su ƙarata. Mahauci kuwa har gida ya zo godiya, yana tambaya ko akwai sauran kurkum. Kawu ya sayi sababbin kaya, ya kankare ɗakin har siminti, ya yi zubin da bai taɓa yin mai kyansa ba, ya naɗe ya kai ƙarshen layi da kansa.

Goggo ta karɓa. Amma a da ko buɗe ƙullin ba ta yi, kabad take sakawa kai tsaye. Yanzu sai ta baje su a kan keke, ta ɗauki kowanne ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, ta kankara da farce, ta ɗaga shi a haske, shi kuwa yana tsaye kamar wanda aka kama da kazar mutane. Daga ƙarshe ta ware guda ɗaya ta tura masa.

"Wannan ban yarda da shi ba."

"Goggo, tukunya ɗaya suka fito!"

"Na ji. Ban yarda da shi ba."

Haka ake yi har yau. Duk kawowar da zai yi sai ta mayar masa da ɗaya, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba. Masu zama a bakin layi sun saba ganinsa yana dawowa daga gidanta a hankali, da kyandir manne a hanci, ya shinshina wannan kai, ya juya ya shinshina wancan, ya tsaya tsakiyar titi har mai babur ya yi masa hon. Bai taɓa jin komai ba sai zuma. Amma in ya isa gida ba ya iya mayar da shi cikin 'yan'uwansa, sai ya karya shi ya jefa a tukunya ya sake tacewa.